Kada A Sa Wa Ihun Neman Ceto Farashi

Karatu: Luka 10:25-37



Duk damina labarin ɗaya ne a Kano. Matashi ya shiga kududdufi wanka, ruwa ya fi ƙarfinsa, a kira jami'an Hukumar Kashe Gobara ta jiha su tsamo shi, wani da rai, wani gawa. Sai ka ji ana cewa wanda ya jefa kansa cikin haɗari da gangan kamata ya yi a ci shi tara. Maganar ba ta banza ba ce. Man mota da tsada, ma'aikatan kuma ransu suke sayarwa. A jihar New Hampshire ta Amurka ma, doka ta yarda a karɓi kuɗin aikin ceto daga hannun wanda sakacinsa ya jawo.

Mu dai ba mu goyi bayan tarar ba. Wanda ke nutsewa ba shi ke kiran 112 ba, abokansa ne da ke bakin ruwa. In sun san tara za ta biyo baya, za su tsaya shawara, ko ɗaya ya faɗa ruwan da kansa, gawa ta zama biyu. Mun ga irin wannan a baya, lokacin da ake neman takardar 'yan sanda kafin a taɓa mai raunin harbi, jini na zuba ana jiran takarda. Sai a 2017 aka yi dokar da ta tilasta a fara ba shi magani. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta hana a ƙi duba wanda ke bukatar taimakon gaggawa.

A karatunmu, Basamariyen bai tsaya tambayar mutumin me ya kai shi hanyar Yariko shi kaɗai ba. Ya ɗaure masa raunuka, ya kai shi masauki, ya biya dinari biyu daga aljihunsa. Mu kuma fa? Da ƙafarmu muka shiga ramin zunubi, amma Yesu bai miƙo mana takardar tara ba. Shi ya biya.

Wannan ba lasisin ganganci ba ne. In tara za a ci, a ci wanda ya bar rijiya ba murfi, da wanda ya haƙa rami ya tafi ya bar shi, da mai kiran ƙarya yana ɗauke motar ceto daga inda ake bukatarta.

Mu matasan da ke taruwa a nan Nassarawa GRA, ga aikinmu na wannan mako: mu ja wa ƙannenmu kunne kan kududdufi, mu duba rijiyoyin gidajenmu. In muka ga rai cikin haɗari, mu fara kira tukuna. Faɗa ya jira sai ya fito.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka kiyaye masu aikin ceto, ka ba mu zuciyar da ke gaggawar taimako. Cikin sunan Yesu, amin.