Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Harkokin Teku: A Waiwayi Gulbin Rima

Mai girma Minista, Alhaji Adegboyega Oyetola,

Mai wannan wasiƙa mazaunin Sabon Gari ne a birnin Sakkwato, jihar da ba ta da teku, amma kusan kowace shekara sai ta yi jana'izar waɗanda ruwa ya ci.

Ba ya raina aikin da aka yi a Kudu. A Yunin 2021 aka ƙaddamar da shirin Deep Blue na hukumar NIMASA, mai dala miliyan 195, da cibiyar sa ido a Legas. Bayan wata guda sojojin ruwa suka buɗe Falcon Eye, mai hango jirage daga nesa. Fashin teku ya ragu ƙwarai. Madalla.

To, amma ina rabon masu kwale-kwale? A Afrilun 2022 mutum 29 suka nutse a Gidan Magana, ƙaramar hukumar Shagari. A Agustan 2025 jirgi ɗauke da fiye da mutum 50 ya kife a hanyar kasuwar Goronyo. Shi kansa mai rubutun ya taɓa kwana yana buga waya, yana cigiyar ƙaninsa da ya hau jirgi ranar kasuwa. Ofishin farko da ya kira ya tura shi na biyu, na biyu wayarsa a kashe. Babu mai sunayen fasinjoji, babu ma wanda ya san yawansu. Masunta ne suka yi ceto, labari kuma sai a bakin ’yan tasha. Allah ya kuɓutar da yaron, amma takaicin daren nan bai gushe ba.

A ganinsa, dalilin wannan ruɗani a fili yake. Kowace hukuma ta sayi manhajarta ta kulle, wannan ba ta magana da waccan.

Shawararsa ita ce kada a gina ƙatuwar manhaja guda mai yin komai. A rarraba aikin ƙanana-ƙanana, kowanne da mai shi: NIWA ta riƙe rajistar jirage da sunayen fasinjoji, NiMet ta bayar da hasashen iska da ruwan sama, NIHSA ta faɗi tashin gulbi, NEMA ta karɓi kiran gaggawa. Sai a ɗaure su da ƙa'ida ɗaya ta musayar saƙo, ta yadda idan kira ya shigo, dukkansu za su gani nan take, kuma faɗuwar ɗaya ba za ta tsayar da saura ba. Sarkin ruwa ma ya iya shiga da ƙaramar wayarsa, cikin Hausa, ko babu intanet.

Ya san wasiƙu irin wannan sukan ƙare a aljihun tebur. Duk da haka yana roƙon mai girma Minista ya sa a fara gwaji a mashigun Goronyo da Shagari kafin damina ta kankama.

Wassalam,
Mazaunin Sabon Gari, Sakkwato.