Ba Haka Littafin Ya Ce Ba, Malam

Malam, na karanta sukar da ka yi wa littattafan nan uku na Philip Pullman, marubucin Ingila, waɗanda aka haɗa ƙarƙashin sunan His Dark Materials: Northern Lights na 1995, The Subtle Knife na 1997, da The Amber Spyglass na 2000. Ka ce ka rufe na ƙarshen zuciyarka na tafasa. Ɓacin ranka naka ne, ba mai ƙwace maka shi. Sai dai yawancin laifuffukan da ka jera ba sa cikin littafin, kuma ba a kama mutum da abin da bai faɗa ba.

Babban zarginka shi ne wai an kashe Ubangiji a littafi na uku. Pullman bai yarda da addini ba, bai taɓa ɓoyewa ba, duk da cewa kakansa limamin coci ne. Ni da kai ba ma bin sa a wannan hanya. To amma wa ya mutu a labarin? Littafin ya faɗa ƙarara cewa wanda ake kira Mai Iko mala'ika ne, shi ya fara samuwa, sai ya yi wa na bayansa ƙarya cewa shi ya halicce su. Halitta ce mai da'awar allantaka, irin ta Fir'auna. Kuma ba wanda ya ɗaga masa makami. Lyra da Will, yaran da labarin ke tafe a kansu, sun tsince shi tsoho tukuf cikin wani akwatin ƙarau, yana kuka, hankali ya gushe. Tausayi ya sa suka buɗe masa, iska ta watsa shi, ba su ma san ko wane ne ba. Gaskiya ne marubucin ya laƙaba masa sunayen da Baibul ke kiran Ubangiji da su, kuma da gangan ya yi, tsokanar Kiristocin ƙasarsa yake. Kiristocin duniya ma kansu ya rabu. Ƙungiyar Catholic League ta Amurka ta nemi a ƙaurace wa fim ɗin The Golden Compass, wanda aka ɗauko daga littafi na farko, a 2007. Shi kuwa Rowan Williams, shugaban cocin Angalikan na lokacin, a 2004 ya ba da shawarar a riƙa amfani da littattafan a darasin addini, domin a ganinsa abin da suke yaƙa shi ne zalunci da ya sa rigar addini. Mutumin da aikinsa ke nan bai ga abin da ka gani ba.

Sannan ka ce dabbobin da ke bin mutane a duniyar Lyra aljanu ne, ana koya wa yara hulɗa da su. Anya ka lura da abin da ya faru a Bolvangar? A wannan duniyar, kurwar mutum a waje take, cikin siffar dabba. Ta yaro tana sauya kama, yanzu ɓera, an jima tsuntsu. Idan ya balaga sai ta tsaya a siffa ɗaya. Ba kiran ta ake yi ba, ba a yi mata yanka, da ita ake haihuwar mutum kuma tare suke mutuwa. A Bolvangar, can cikin ƙanƙarar arewa, ma'aikatan hukumar addini suna sa yaro a keji ɗaya, kurwarsa a ɗaya, su sako wuƙa tsakani, wai don su kare shi daga zunubi. Lyra ta tarar da wani yaro da aka yi wa haka a rumbun kifi, ya rungume busasshen kifi a ƙirji a madadin abin da aka raba shi da shi, yana ta tambayar inda take. Duk Bahaushen da ya tashi yana jin labarin maye da kamun kurwa ya san wa ake tsoro a nan: mai yankan, ba dabbar ba.

Batun cewa duniyoyi barkatai shirme ne marar ƙa'ida, nan ne na fi mamakinka. Mu da muka karanta Ruwan Bagaja da Ganɗoki, inda ɗan Adam ke kutsawa ƙasar aljanu ya dawo, ba mu ne za mu ce ƙetare duniya baƙon abu ne ba. Ko a kimiyya, tun 1957 Hugh Everett ya kawo ra'ayin duniyoyi masu yawa. Amma bar wannan. Pullman ya sa wa ƙetarewar farashi mai tsada. Wuƙar da Will ke yanka taga da ita tsakanin duniyoyi, sai da ta cinye masa yatsu biyu kafin ta zama tasa. Kowace taga da aka buɗe tana haifar da dodo mai zuƙe hankalin manya ya bar su a tsaye kamar gumaka. Shi ya sa birnin Cittàgazze ya koma hannun marayu. Kuma ba mai daɗewa a duniyar da ba tasa ba sai ciwo ya ci shi, kamar yadda ya ci mahaifin Will. Wannan ƙa'idar ce ta raba Lyra da Will a ƙarshe, rabuwar da ka kira mugunta. Da marubucin ya bar musu ƙofa don su ji daɗi, da a nan ne za ka sami shirmen da kake nema.

Ka ce Lyra maƙaryaciya ce, ba ta jin maganar iyaye. Maƙaryaciya kam, har alfahari take yi. Amma a ƙasar matattu ƙaryar ta ƙare mata: ta shara wa wasu tsuntsaye masu fuskar mata labarin ƙarya, ɗaya ta kai mata farmaki har ta yage mata fatar kai. Sai da ta ba da labarin gaskiya, na wasan laka a bakin kogin Oxford, suka yi tsit suna sauraro. Iyayen kuwa, uwar ita ce shugabar masu satar yara, uban ya kashe Roger, abokin 'yarsa, don ya buɗe hanyar wata duniya. Wace biyayya kake so ta yi musu?

Cewa na uku yana jan ƙafa, akwai ƙamshin gaskiya. Zaman Mary Malone, wata masaniyar kimiyya a labarin, cikin wasu halittu masu tafiya kan ƙwallon itace ya yi tsawo. Duk da haka shi ne littafin yara na farko da ya ci kyautar Whitbread ta gwarzon littafin shekara, ta 2001.

Saura kiranka na a hana karanta su baki ɗaya. Ba zan miƙa su ga ɗan firamare ba, saboda zubar da jini, da soyayyar da ta shiga tsakanin yaran biyu a ƙarshe, da kuma ra'ayin marubucin da ke fitowa fili a bakin Mary Malone. Amma ɗalibin jami'a da ya san aƙidarsa, gara ya karanta da kansa, ya ga inda Pullman ya yi gaskiya game da masu mulki da sunan addini, ya kuma ga inda ya zarce gona da iri har ya kasa nuna malamin coci nagari ko da ɗaya cikin littattafai uku. Wannan suka ce mai ƙarfi, Malam, kuma ba ka kawo ta ba.