Kafin ka kai kuɗin shinkafarka Kano sayen makirufo

Ɗan'uwa matashi, na san abin da ke ranka. Ka yi noman rani a filayen ban-ruwa na Kwarin Haɗejiya, Allah ya ba da sa'a, ka sayar da 'yan buhunan shinkafarka, kuɗi sun shigo hannu. Tun bara kake cewa in ka samu jari sai ka buɗe ɗan situdiyo a nan Auyo, domin ka gaji da ganin duk mai son a ɗaukar masa talla ko waƙar biki sai ya hau mota zuwa Haɗejiya, wani ma har Zoo Road a Kano. Tunanin ya yi, kuma ina bayanka. Abin da ba na baya shi ne jerin kayan da ka tara hotunansu a waya: ƙaton makirufo mai rataye a cikin zobe, sifiku biyu manya, mikiza mai maɓallai kamar gaban jirgin sama, da fitilu masu canja launi. Wannan jerin ido ne ya rubuta shi. Mai biyanka kuwa da kunne zai yi maka hukunci.

Na faɗi haka ne don na taɓa ƙonewa. Makirufona na farko irin wanda ake kira BM-800 ne, mai ruwan zinare, haɗe da ɗan akwatin nan V8 da masu TikTok ke amfani da shi. Mai shagon ya rantse mini cewa da shi manyan mawaƙa ke aiki. Na dawo gida ina taƙama. Ranar farko na ɗauki muryar wani abokina yana karanta tallar shagon taki, da muka kunna sai ga shi mun ɗauki unguwa guda: injin markaɗen maƙwabta, babur ɗin da ya wuce, ƙarar fanka, da wani shuuu da ba ya yankewa. Muryar abokina tana can ciki kamar wanda ke magana daga ƙasan rijiya. Laifin ba na mai shago ba ne kaɗai. Ni ne ban tambayi kaina a wane ɗaki zan kafa abin ba.

To mu fara daga ɗakin, don shi ne kayan aiki na farko, kuma shi ne wanda ba a sayarwa a Sabon Gari. Shago na bulo mai rufin kwano, ba silin, ƙasa siminti, a bakin titi, shi ne mafi munin wurin ɗaukar murya. Sauti yana dukan bango ya dawo, ya daki ƙasa ya dawo, makirufo ya haɗa duka ya ba ka amsa-kuwwa. In ruwan sama ya sauka a kan kwanon kuwa, aiki ya tashi sai gobe. Tsohon ɗakin ƙasa mai kaurin bango, irin wanda muke rainawa muna cewa na tsofaffi ne, ya fi shi nesa ba kusa ba: yana tare hayaniyar waje, ga sanyi. In kana da irinsa a cikin gida, nesa da titi da injin casa, ka riga ka samu rabin situdiyo ba ka kashe ko sisi ba.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan rikitawa. Hana ƙarar waje shigowa daban, kashe amsa-kuwwar cikin ɗaki daban. Na farkon nauyi yake so: bango mai kauri, ƙofa mai rufuwa ruf, toshe duk wata kafa. Na biyun abu mai laushi da kauri yake so: katifa a jingine a bayan mai magana, barguna a rataye da ɗan rata tsakaninsu da bango, darduma a ƙasa, buhunan tsofaffin kaya a kusurwoyi. Kwalin ƙwai da kake gani an liƙe bango da shi ado ne kawai, bai da kaurin da zai sha sauti, sai dai ya tara maka kyankyasai. Ga gwaji na kyauta: shiga tsakiyar ɗakin ka yi tafi ɗaya da ƙarfi. In ka ji wani zirrr ya biyo baya, ƙara bargo. In tafin ya mutu nan take, ka fara isa.

Sai wuta. Ba sai na ba ka labarin yadda take zuwa da yadda take tafiya ba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne ƙaramin janareta yana cutar da aikinka ta hanya biyu: ƙararsa tana shiga ta iska, gurɓatacciyar wutarsa kuma tana bin waya ta saka maka wani ƙugi a ƙarƙashin murya wanda cire shi sai an lalata muryar. Maganin da ya fi sauƙi shi ne duk abin da za ka saya ya zama mai iya aiki da batirin laftof. Ka yi caji, ka zare waya daga bango, ka kashe janareta, ka ɗauki muryarka cikin tsit. Saboda haka laftof na hannu mai lafiyayyen batir ya fi maka sabuwar kwamfutar tebur. In kuɗi sun ragu, ƙaramar sola da batir su ne gaba, kafin a zo maganar sifiku. Fanka kuma dole a kashe ta lokacin ɗauka, ko da a watan Afrilu ne. Shi ya sa mai hankali yake sa wa mutane lokaci bayan asuba ko bayan isha'i.

Yanzu makirufo, inda gardamar take. Iri biyu za ka tarar, dainamik da kondensa. Kondensa shi ne ƙaton nan na cikin hotunanka. Yana da kaifin ji, yana fito da laushin murya, kuma yana buƙatar wutar da ake kunna masa da maɓallin 48V. A ɗaki mai shiru, mai gyara, abin so ne. A ɗakinka kuwa kaifin jin nan shi ne matsalar, domin ana tsayawa da ɗan nisa da shi, shi kuma bai san bambancin muryar mawaƙi da kukan kwaɗin fadama ba. Duk wanda ya kwana a Auyo a watan Agusta ya san kwaɗinmu ba sa tafiya hutu. Ga danshin damina, wanda ke shiga cikinsa ya sa shi tartsatsi, ga ƙurar hunturu. Dainamik kuwa irin na hannun mai gabatarwa a wurin biki ne. Ana manna baki kusa da shi, kamar yatsu uku ko huɗu, kuma a nan sirrin yake: duk sanda ka rage nisan baki da makirufo da rabi, ƙarfin muryar da ke isa gare shi yana ƙaruwa da kimanin desibel 6, alhali hayaniyar waje tana nan yadda take. Ba ya buƙatar 48V, ba ya tsoron zafi, in ya faɗi ka ɗauka ka kaɗe.

Shahararren cikinsu shi ne Shure SM58, wanda aka fara yi tun 1966 kuma har yau ana hawa manyan dandamali da shi. Amma a nan sai ka buɗe ido, don jabunsa ya cika kasuwa, kwali da tambari duk iri ɗaya. In aka yi maka farashin da ka ji daɗinsa ƙwarai, to ka ji tsoro. Ni a ganina gara ka sayi Behringer XM8500 na gaskiya, wanda kamfaninsa bai ɓoye cewa mai araha ba ne, da ka sayi SM58 na ƙarya. Akwai kuma Samson Q2U, mai bakin USB da bakin XLR duka, wanda za ka iya fara aiki da shi kai tsaye a laftof kafin ka sayi komai.

Na san za ka ce, “To ai in mutum ya shigo bai ga ƙaton makirufo ba, cewa zai yi wannan ba situdiyo ba ne.” Wannan magana ba ƙarya ba ce, mutanenmu suna son ganin kwalliya. Kuma gaskiya ne akwai muryoyin da kondensa ya fi yi wa adalci, kamar mai rera ƙasida a hankali ko mace mai siririyar murya. Billie Eilish da yayanta Finneas a ɗakin kwana suka ɗauki kundin da ya lashe kyaututtukan Grammy a 2020, don haka ba wanda ya ce sai da ginin miliyoyi. Sai dai ɗakin nasu a Los Angeles yake, ba injin ban-ruwa a bayan katanga. Abin da nake cewa shi ne jeri: kondensa mai mutunci, irin Audio-Technica AT2020, ya zama na biyu, kuma kuɗin aiki ne za su saye shi, ba jarin shinkafa ba. Wanda ya raina makirufonka ranar farko, in ya tura tallarsa a WhatsApp aka ji ta tas, shi zai kawo maka mutum na gaba.

Tsakanin makirufo da laftof akwai ɗan akwatin da muke kira sawunkad. Shi ke ɗaga muryar ya mayar da ita abin da kwamfuta ke ganewa. Nan ba wurin rowa ba ne, domin dainamik yana son a ɗaga shi sosai, akwatin banza kuwa da ka murɗa sai ya fara huci. Focusrite Scarlett, jan nan, shi ne wanda aka fi sani. Behringer UMC202HD ya fi shi sauƙin kuɗi kuma yana aiki. Nemi mai baki biyu, don ranar da mawaƙi zai zo da mai amshi ko za a yi hira ta mutum biyu. Mikiza ba ka buƙatarta yanzu, aikinta yana cikin manhaja. Manhajar ma Audacity kyauta ce kuma ta ishi talla da sanarwa, Reaper kuma lasisinsa na ƙananan masu aiki dala 60 ne. Na sata da ake tura wa mutane a filas, ranar da zai ci amanarka ita ce ranar da ango ke tsaye a kanka.

Sifiku fa? Bar su tukuna. A ɗakin da ba a gyara ba ƙarya za su yi maka. Sayi hedfon mai rufe kunne gaba ɗaya, irin Audio-Technica ATH-M20x, da wani mai araha na mai rerawa. In ka gama haɗa aiki, saurare shi a inda za a saurare shi da gaske: ƙaramar waya mai maɓalli, sifikar Bluetooth ta mai shayi, lasifikar da ake ɗaurawa a kan mota ranar kasuwa. Aikinka can zai ƙare, ko a memori, ko a Sawaba FM in mai talla ya biya. In kalmomi sun fita sarai a ƙaramar waya, ka ci jarrabawa.

Kada ka manta da ƙananan abubuwan da ke cinye kuɗi a ɓoye: wayar XLR mai kyau guda biyu, sandar makirufo mai nauyin gindi, da ragar tare iskar baki, wadda ma za ka iya haɗawa da safa da zoben waya. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 farashin duk abin da ake shigowa da shi ba ya zama wuri ɗaya, don haka ba zan rubuta maka farashi ba. Amma in ni ne, cikin kowace Naira 100 zan ba laftof da wuta kusan rabi, sawunkad da makirufo kamar 30, hedfon da wayoyi da barguna su raba saura, in kuma ɓoye wani abu na gyara. Ranar saye, tafi da laftof ɗinka har Sabon Gari ko Beirut Road, a jona a gabanka, ka yi magana, ka saurara da kunnenka, ka karɓi rasit. Kada kunya ta sa ka karɓi kwali a rufe.

Sai wani abu da ɗan Kano ba zai gaya maka ba don bai shafe shi ba. Mu a bakin ruwa muke. Mun ga 2018, mun ga 2020, mun ga 2022, mun san yadda Kogin Haɗejiya ke shigowa gari ba sallama. Duk situdiyon da ba zai shiga jaka ɗaya ka rataya a kafaɗa cikin minti biyar ba, bai dace da Auyo ba. Wannan ma wani dalili ne na barin manyan sifiku da kwamfutar tebur. Yi kanta mai tsayi, ajiye makirufo a roba mai murfi tare da 'yan ƙullin shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, kuma aikin mutane ya zauna wuri biyu, ɗaya ba a ɗakin ba. Kaya in sun tafi ana sake saye. Karatun ɗalibar da ta yi sauka aka ɗauka ranar walima, in ya ɓace ba inda za ka samo shi.

Kafin ka hau mota ma, zagaya gari da biro da takarda. Tambayi masu shagon taki da maganin feshi, masu injin casa, malaman Islamiyya, masu shirya biki, mutum goma ko sha biyar: in akwai wurin ɗaukar murya a nan, me za ku kawo, nawa za ku biya? Ina kyautata zaton za ka tarar mafi yawan aikin magana ce, talla da sanarwa da karatu, ba waƙa mai kiɗa ba. In haka ne, fiyanon Yamaha ma zai iya jira, ka riƙa karɓar kiɗa daga wurin masu haɗawa a Haɗejiya ko Kano kana ɗora murya. Zaɓen 2027 kuma yana tafe, masu waƙar 'yan takara za su yi maka layi har da daddare. Karɓe su hannu biyu, amma rabin kuɗi kafin a kunna makirufo, sauran kafin ka tura musu aikin.