DAGA INUWAR DARA: Jira Mai Ƙofa Biyu

A wannan wata za mu ɗan zauna a inuwar 'yan dara, domin akwai lissafi a cikin ƙasar nan da suke tonawa wanda ya kamata mu duba.

Kowa ya san dara: gurbi 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. Wanda ya jera uku ya ci ɗa guda na abokinsa. To amma gwanaye sun san ba a wurin jerawa ake cin wasa ba, a wurin jira ne. 'Ya'ya biyu da gurbi a tsakaninsu, tsakuwa ɗaya ta toshe su. Biyu da suka jingina da bakin fage, ƙofarsu ɗaya ce. Amma biyu a manne a tsakiyar fage, da mai shigowa ta kowane gefe, in ka toshe gabas a ci ka ta yamma.

Mutanen Japan ma suna da irin wannan ilmi a wasansu na majon, wanda asalinsa daga ƙasar Sin yake. Mutum 4 ke yinsa da 'ya'ya 136, kowane iri guda 4, mafi yawansu da lamba daga 1 zuwa 9. Kana riƙe da 13, na 14 ne ke cika maka hannu. Kowane irin jira sun ba shi suna. Mai riƙe da 4 da 6 yana jiran 5 kaɗai, wato 'ya'ya 4 ne za su fisshe shi; sunansa kancan. Mai 1 da 2 sai 3, shi ne pencan. Mai neman abokin ɗa tilo, wato tanki, 3 kawai suka rage masa. Amma mai 4 da 5, da 3 da 6 duk nasa ne: 'ya'ya 8 ke nan. Wannan shi ne riyanmen, kuma shi ake fara koya wa sabon shiga. Ba caca muke yi wa talla ba, lissafin muke so a gani.

Mun ga wannan lissafi da idonmu. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, aka rufe gadar Malanville da Gaya, manyan motoci suka yi jerin gwano mako da makonni, mutane suka koma tsallake kogi da kwalekwale. Kafin nan Nijeriya ta rufe nata iyakoki a Agustan 2019. Maigidan da duk abincinsa ke bisa gada ya zama mai jiran 5 kaɗai. Wanda ya haɗa fatauci da fadamar shinkafa ko albasa ya ji jiki, amma tukunyarsa ba ta sauka ba.

Don haka muke roƙon iyaye: in kasuwa ta buɗe, kada a cire yaro daga lakwal don ya bi mota. A bar shi ya haɗa karatu da sana'a, kada wata rana dara ta ci gida.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.