Makin kamfanonin jiragen sama: hawa jirgi ko sayayya da katin bashi, wanne ke kai ɗan ci-rani gida?

A watan Satumban 2024 ma'aikatar sufurin Amurka ta buɗe bincike kan tsarin makin tafiye-tafiye na manyan kamfanonin jirage huɗu na ƙasar: American, Delta, United da Southwest. Abin da ake son sani shi ne ko kamfanonin na rage darajar makin da jama'a suka tara. Batun ya shafi ƴan Nijar mazauna Niyok, Greensboro, Faris ko Brussels, waɗanda tikitin zuwa Yamai ke cinye musu ajiyar watanni.

Lokacin da American Airlines ya ƙaddamar da shirinsa na AAdvantage a 1981, lissafin mai sauƙi ne: iya nisan tafiyarka, iya makinka. Daga 2015 Delta da United suka koma ba da maki gwargwadon kuɗin tikiti, American ya bi sahu a 2016, sai Flying Blue na Air France da KLM a 2018. Wanda ya fi asara shi ne mai doguwar tafiya da tikiti mai rahusa, wato ɗan ci-rani.

Dalilin sauyin kuwa shi ne bankuna. Su ne ke sayen maki daga kamfanonin jirage, su raba wa masu sayayya da katin bashi. A 2023 kaɗai, Delta ya samu dala biliyan 6.8 daga American Express. A lokacin annobar korona, shirye-shiryen makin ne kamfanonin suka jinginar suka ci bashi: Delta dala biliyan 9 a 2020, American biliyan 10 a 2021.

Mu ɗauki misali. American na ba fasinjan da bai da wani matsayi maki 5 a kan kowace dala, ban da haraji. Tikitin dala 1,200 ba zai kai maki 6,000 ba. Amma mai kashe dala 1,500 duk wata da katin da ke ba da maki ɗaya a kan dala, zai tara 18,000 a shekara bai taka filin jirgi ba, ban da tukwicin buɗe kati.

Sai dai wannan lissafin na Amurka ne, inda ɗan kasuwa ke biyan kusan kashi 2 cikin ɗari duk lokacin da aka saya da katin bashi, kuma daga nan ake biyan makin. Tarayyar Turai ta ƙayyade rabon banki a kashi 0.3 tun 2015, shi ya sa katunan can ba su da wannan yalwa. A Nijar kuwa, inda tsabar kuɗi da kamfanonin aika kuɗi suka fi tasiri, hanyar da ta rage ga ƴan kasuwar da ke zuwa Dubai ko Istanbul ita ce hawa jirgi da ba da lambar rajistarsu a kowace tafiya.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗin ruwan katin bashi a Amurka ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekara, alhali darajar maki ɗaya ba ta wuce santi ɗaya da ƴan kai ba. Wanda bai biya bashinsa gaba ɗaya a ƙarshen wata ba, ya sayi makin da tsada ninki-ba-ninki. Ga kuma kuɗin riƙe kati na shekara, da harajin da ake biya ko da tikitin na maki ne.

Tambaya mafi muhimmanci ita ce: wane jirgi ke sauka Yamai? Da Air France ya dakatar da zuwa Nijar a Agustan 2023, masu makin Flying Blue sun wayi gari makinsu ba ya kai su gida kai tsaye. Makin United na aiki a Turkish da Ethiopian saboda ƙawancen Star Alliance, na American kuma a Royal Air Maroc, wanda ya shiga oneworld a 2020.

Ke nan, kati ya fi saurin tara maki ga mazaunin Amurka mai biyan bashinsa kan kari. Ga saura, hawa jirgi da tsayawa kan ƙawance ɗaya ya fi. Kuma tunda kamfani na iya sauya farashin maki duk ran da ya ga dama, ajiye su shekara da shekaru ba dabara ba ce.