Cocin Paoay: Ginin da ya shekara 300 yana jure girgizar ƙasa, da taƙaddamar wanda zai biya kuɗin gyara

A daren 30 ga watan Satumban 2025, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.9 ta afka wa arewacin tsibirin Cebu na ƙasar Filifin, ta kashe fiye da mutum 70. Cikin hotunan da suka fi yawo a shafukan sada zumunta washegari akwai na cocin Santa Rosa de Lima da ke garin Daanbantayan, wanda aka gina a ƙarni na 19, wani ɓangarensa ya zube ya zama tarin duwatsu.

Wannan ba shi ne karo na farko cikin shekara 12 da girgiza ta yi wa tsofaffin cocin ƙasar irin wannan illa ba. A Oktoban 2013, wadda ta auku a Bohol ta kashe fiye da mutum 200, ta kuma shafe cocin Loon da na Maribojoc baki ɗaya. A Yulin 2022 kuma, wata ta tsattsaga babban cocin Vigan da hasumiyar Bantay a arewa.

Duk lokacin da haka ta faru, sai hankali ya koma kan wani coci da ke ƙaramin garin Paoay a lardin Ilocos Norte, wanda har yanzu yake tsaye.

Yadda aka gina shi

Limaman ɗariƙar Katolika 'yan ƙungiyar Augustine ne suka fara ginin a 1694, ƙarƙashin jagorancin Fada Antonio Estavillo, aka kammala a 1710. A lokacin Sifaniya ke mulkin tsibiran, mulkin da ya fara a 1565 bai ƙare ba sai 1898.

Abin da mai ziyara ke fara gani shi ne ƙattin ginshiƙai 24 da suka tokare bangon daga waje, ta gefe biyu da kuma baya. Kaurin kowane ɗaya ya haura mita ɗaya da rabi, suna da faɗi a ƙasa suna tsukewa zuwa sama. Cocin gajere ne idan aka kwatanta da faɗinsa, kamar wanda ya durƙusa ya kafa gwiwa. A Turai magina na tseren kai gini sama. A Paoay tsawo haɗari ne, don haka suka zuba ƙarfinsu a ƙasa.

An yi ƙasan bangon da manyan duwatsun murjani da ake sarowa daga gaɓar teku, sama kuma da jan bulo wanda ya fi sauƙin nauyi. Babu siminti a lokacin. Da farar ƙasa da yashi aka yi kwaɓin, kuma bayanin da mutanen yankin suka gada na cewa har da ruwan rake a ciki. Amfanin irin wannan kwaɓi shi ne yana barin bango ya ɗan motsa ba tare da ya dare ba, yana kuma barin danshi ya fita.

Hasumiyar ƙararrawa, mai hawa uku, an gina ta ne a ware, 'yar tazara daga cocin. Dabara ce mai sauƙi: idan girgiza ta kayar da ita, kada ta faɗa kan masu ibada. Cocin ya ji jiki a girgizar 1865 da ta 1885, kuma rufin asali ya daɗe da tafiya, kwano ne a kansa yanzu. Amma bangon bai faɗi ba.

Gumin wa ke cikin bangon?

Masu yawon buɗe ido kan ce wannan ginin Sifaniyawa ne. Tsari da umarni nasu ne, amma hannayen da suka sari dutse suka ɗauko shi daga teku na 'yan ƙasa ne. Mulkin mallakar ya ɗora wa mazaje aikin tilas na kwana 40 a shekara, ba a rage shi zuwa kwana 15 ba sai a 1884. Da irin wannan aiki aka gina hanyoyi da jiragen ruwa da coci-coci da dama.

Coci kuma a wancan zamani ya wuce wurin ibada. Sifaniyawa sun tattaro mutanen da ke warwatse a ƙauyuka suka zaunar da su a inda za su riƙa jin ƙararrawa, domin a samu sauƙin ƙidaya da karɓar haraji da koyar da addini. A garuruwa da yawa limamin coci ne kaɗai Bature, shi ne kuma idon gwamnati.

A tsakiyar ƙasar wasu cocin ma ganuwa ce. Na Miagao, wanda aka gama a 1797, an ɗora shi a kan tudu da hasumiya biyu masu kauri saboda hare-haren da ake kawowa ta teku daga kudanci, yankin Musulmi da Sifaniya ta kasa murƙushewa gaba ɗaya. A fuskar cocin masassaƙa 'yan ƙasa sun zana bishiyar kwakwa da gwanda, abin da ba za a gani a cocin Madrid ba.

Daga baya reshe ya juye da mujiya. Lokacin juyin juya halin da ya ɓarke a 1896, masu yaƙi da Sifaniya sun mayar da hasumiyar Paoay wurin leƙen abokan gaba, haka ma 'yan sari-ka-noƙe da suka yaƙi Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan na cikin dalilan da suka sa 'yan Filifin ba sa kallon ginin a matsayin kayan baƙo.

Coci ke da gini, gwamnati ke da kuɗi

A 1973 Shugaba Ferdinand Marcos ya sanya cocin cikin dukiyar tarihi ta ƙasa. Ilocos Norte dai mahaifarsa ce, kuma ɗansa ne ke mulki tun 2022. A 1993 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tare da wasu coci uku: San Agustin a Manila, Santa Maria, da Miagao.

Daga nan matsalar ta fara fitowa fili. Ginin mallakar ɗariƙar Katolika ne, ana kuma yin ibada a cikinsa kullum. Tsarin mulkin 1987 ya raba addini da gwamnati, ya haramta kashe kuɗin jama'a domin amfanin wani coci ko ɗariƙa. Kusan kashi 79 cikin 100 na 'yan ƙasar Katolika ne, sai dai Musulmi da sauran Kiristoci ma suna biyan haraji.

Hanyar da aka bi ita ce yarjejeniyar da gwamnati ta ƙulla da fadar Vatican a 2007 kan kula da kayan tarihin coci, sai dokar kare kayan tarihi ta 2009. Hujjar gwamnati ita ce tarihin ƙasa take gyarawa, ba addini take tallafa wa ba. Da wannan hujja hukumomin tarihi suka sake gina Loon da Maribojoc, aka miƙa su ga coci a 2021, shekara takwas bayan rushewarsu.

Hujjar na da ƙarfi, amma tana da giɓi biyu. Na farko, kuɗi ba sa fitowa da yawa sai bayan gini ya faɗi. Duba tsagewar bango, cire tsiron da ke huda dutse, gyara magudanar ruwan sama, duk aiki ne mai araha wanda ba ya jan hankalin 'yan siyasa domin babu bikin buɗewa a cikinsa.

Na biyu ya fi wuyar magani, domin daga masu ƙaunar ginin yake fitowa. Limami da mabiyansa kan tara kuɗi su shafe tsohon bango da siminti ko su ɗora sabon gini a jikinsa, da niyyar ƙawata ɗakin ibadarsu. Siminti kuwa yana kulle danshi a cikin dutsen murjani, ya ci shi ta ciki, kuma ba ya lanƙwasa idan ƙasa ta motsa. Dokar 2009 ta ce sai da izinin hukuma za a taɓa ginin da aka ayyana a matsayin na tarihi, amma coci-cocin zamanin Sifaniya ɗaruruwa ne a warwatse cikin tsibirai, maginan da suka iya kwaɓin farar ƙasa kuma 'yan kaɗan ne.

Paoay na da sunan UNESCO da kuɗin masu yawon buɗe ido da ke sa ido ya tsaya a kansa. Daanbantayan ba shi da ko ɗaya daga ciki lokacin da ƙasa ta motsa, kuma idan aka auna da abin da ya faru a Bohol, mabiyansa na iya shafe shekaru suna ibada a wani wuri kafin a sake buɗe ƙofarsa.