Taronmu Ba Ya Buƙatar Uban Taro

Duk sanda wani ya kawo shawara a zaurukanmu na masu rubuta manhaja cewa mu ware wata Asabar da Lahadi mu haɗu ido da ido, mutane iri biyu ne ke kashe maganar. Na farko su ce ɓarnar kuɗi ce: me za a faɗa a ɗaki wanda ba za a iya faɗa a WhatsApp ko Telegram ba? Na biyu su karɓi shawarar hannu bibbiyu, kafin gari ya waye sun kafa kwamiti, sun shiga neman uban taro da babban baƙo na musamman da otal ɗin da za a kama. Dukansu ba su gane amfanin haɗuwar ba, kuma da su muke yau.

Mu fara da masu cewa waya ta wadatar. A ƙarshen watan Maris na 2024, wani injiniya Bajamushe mai aiki da Microsoft, Andres Freund, ya lura cewa shiga kwamfutarsa daga nesa ya ƙara jinkiri da kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi diddigi sai ya tarar an dasa ɓoyayyar ƙofa a cikin xz, wata 'yar manhajar matse fayil da ke cikin kusan duk kwamfutar da ke amfani da Linux. Da ba a gano ta da wuri ba, da mai makullinta ya sami hanyar shiga ɗimbin manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet. Wanda ya dasa ta kuwa ba katanga ya haura ba. Wani ne mai amfani da sunan Jia Tan, da ya kwashe sama da shekara biyu yana aiko da gyare-gyare masu kyau cikin ladabi, har aka miƙa masa makullin gidan. Mai kula da manhajar, Lasse Collin, ya daɗe yana ɗauke da ita shi kaɗai ba albashi. Ya fito ya ce ya gaji, sai wasu sunaye da ba wanda ya san masu su suka yi ta matsa masa lamba ya ba wani ragama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Har yau ba a san ko wane ne Jia Tan ba.

Za a ce ai mayaudari ma yana iya zuwa taro, ya ci tuwo da ku, ya tsaya a sahunku. Haka ne. Amma darasin ya fi shafar gajiyayyen fiye da mayaudarin. A zaure, wanda nauyi ya yi wa yawa shiru kawai yake yi, kowa ya ɗauka aiki ne ya sha masa kai. A ɗaki kuwa fuskarsa ake gani, wani ya ja shi gefe ya ce, “Malam, kawo rabin aikin nan.” Zaurukanmu cike suke da irin Lasse: mutum ɗaya ke biyan kuɗin shafi, shi ke amsa tambayar sababbin shiga, shi ke raba faɗa, mutum ɗari uku na kallo. Ran da ya ajiye, zauren ya mutu.

Manyan ayyukan da aka gina a intanet sun san wannan. Debian, ɗaya daga cikin tsofaffin rassan Linux, ta yi shekaru a kan al'adar cewa mai son zama cikakken ma'aikacinta sai ya haɗu da waɗanda suka riga shi, ya nuna musu katin shaida, su sa hannu a makullinsa na sirri. Mutanen da suka fi kowa sanin yadda ake aiki daga nesa su ne suka ce zumunci a ƙafa yake.

Yanzu ga 'yan'uwanmu masu son babban teburi. A birnin Brussels na Beljiyam, tun farkon shekarun 2000 ake yin wani taro mai suna FOSDEM, ranakun Asabar da Lahadi, wajen farkon Fabrairu, a azuzuwan wata jami'a. Dubban masu rubuta manhaja mai buɗaɗɗen tushe ke zuwa. Ba kuɗin shiga, ko rajista ba a yi. 'Yan sa-kai ke shirya shi. Ayyukan da aka zaɓa a ba kowanne ajinsa, masu shi su shiga su tattauna. Idan ajin ya cika a rufe ƙofa, wanda ya makara ya tsaya a baranda, a can ma a ci gaba da magana. A 2021 da 2022 annobar korona ta mayar da shi intanet, amma a 2023 suka koma azuzuwansu.

Mu kuwa fa? An sa ƙarfe tara, sai sha ɗaya da rabi babban baƙo ya iso, ko ya turo wakili. A gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya da cikakkun muƙamansu. A yi jawabin maraba, da jawabin uban taro, da jawabin fatan alheri, duk a kan muhimmancin fasahar zamani ga matasa, daga bakin waɗanda ba su taɓa rubuta layi ɗaya na manhaja ba. Yarinyar da ta taso daga Gusau da kwamfutarta don a duba mata inda aikinta ya cije tana kujerar baya, ta yi tafi har hannunta ya gaji. A ɗauki hoto a gaban kyalle, a raba shinkafa a roba, a watse. Wannan biki ne, kuma masu cewa ɓarnar kuɗi ce suna da gaskiya a kansa.

Galibinmu ba za mu ga Brussels ba. Kuɗin jirgi da bizar Turai sun isa hana mu. Abin da ake yi a can kuwa bai fi ƙarfinmu ba. Aji biyu a wata makaranta a Kano ko Zariya ko Maraɗi, janareta da mai, tulin soket, allo da alli. A shekara sau ɗaya ma ya isa. Kuɗin da za a kashe wa otal da kyalle a biya wa na nesa kuɗin mota. A fara da safe a tashi kafin magariba, a tanadi masauki mai mutunci, don mata su iya zuwa da yardar gidajensu. Kowa ya zo da aikin da ya gagare shi. Gardamar da muka yi wata uku muna yi a zaure kan yadda za a fassara wata kalma ta kwamfuta, ko yadda ƙ da ɗ da ɓ za su zauna a allon rubutu, a zauna a gaban allo a yanke ta kafin la'asar. Kafin a watse ranar Lahadi, a tambayi mai riƙe da zaure abin da ya fi yi masa nauyi, mutum biyu su karɓa a gaban kowa.

Idan wani mai muƙami yana son zuwa, bismillah, ƙofa a buɗe take. Ya zo da kwamfutarsa, ya nemi kujera kusa da soket kamar kowa.